Tsohuwar da Mukarrama Ta Zana

Ana kiran sallar magariba dutsen farko ya faɗo a kan kwanon gidan. Inna ta leƙa waje tana faɗa da yaran maƙwabta, ba ta ga kowa ba sai kaji na neman makwanci. Na biyu kuwa cikin ɗakin Muhsin ya sauka, daf da kwamfutarsa, alhali ƙofa da taga duk a rufe suke.

Muhsin shi ne babban ɗan Inna. Tun da ya dawo Makarfi daga karatu ya ƙwallafa rai sai ya haɗa gem, wato wasan waya, ƙanwarsa Mukarrama ta ɗauki nauyin zane. Damina guda ta kwashe tana zana masa rumbu, gonar rake, da wata tsohuwa mai farin gyale da ta ce tana gani a bakin rijiyar kakarsu a Taba. Daga baya ya ci karo da manhajar da ke fito da abu da jikinsa kamar ka taɓa. Idonsa ya rufe, ya watsar da ta farko mai karɓar zanen hannu, ya kwaso dodannin kyauta daga intanet, ya dasa wani mai ƙaho a bakin rijiyar. In ta tambaya sai ya ce, "Zanenki na ciki, bari in gama." Ƙarya yake shirga mata, ko gezau.

Jifan bai tsaya ba. Kullum rana ta faɗi sai gidan ya yi tsit, sannan a ji guga na bugun bangon rijiya, ga shi gidan ba rijiya. Mukarrama ta daina cin abinci. Wata yamma ta zauna a ƙofar ɗakin yayanta, ta kafe shi da ido, ta yi dariya da muryar da ba tata ba. Tsoro ya kama Muhsin har cikin ƙashi.

Aka ɗauko Malam Ɗayyabu daga Kudan. Ya sa aka riƙe ta, ya daɗe yana karatu a kunnenta, har jikinta ya sandare.

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi mini komai ba," in ji muryar, a dishe. "Tun kakanninsu ban taɓa nuna wa ɗan Adam fuskata ba, sai ita. Ta ce yayanta zai sa ni yadda nake. Na zauna mata. Malam, tambaye shi ina takardar."

Muhsin ya sunkuyar da kai.

Muryar ta ci gaba: "Mai ƙosan bakin tasha ya kwasar wa zanen, duka. Da fuskata aka naɗe ƙosai. Ya ajiye ƙato mai ƙaho a mazaunina, yara su riƙa harbi."

Inna ta dafe ƙirji. "Muhsin, kai ɗin?"

"Laifinsa ne, ba nata ba," Malam ya ce. "Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Sai ya cire rijiyata da dodonsa daga gem ɗin."

"Yanzu zai cire."

"Kuma da bakinsa zai gaya mata. In wani ya riga shi, ina nan dawowa."

Muhsin ya goge komai a gabansu. Mukarrama ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin Inna. Da ta buɗe ido, shi ta fara nema.

"Yaya, me ya faru? Gem ɗin ne ya lalace?"

Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa ya faɗa mata, bai rage ko ɗaya ba. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

"Da ka ce ba ka so," ta ce a hankali, "ai da na adana abina."

Jifa ya ɗauke, gida ya zauna lafiya. Muhsin ya koma manhajar farko, ya roƙe ta ta sake zana masa ko rumbu ɗaya ne. Ta ce hannunta ya manta. Tana gaishe shi kowace safiya, da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo, amma ba ta ƙara kiransa Yaya ba.