Alkukin Ɗakin Albasa

Jifan farko ya sauka ne ana cikin alwalar magariba. Wani ɗan dutse ya faɗa kan kwanon ɗakin albasa, ya gangaro a hankali, ya tsaya bai faɗo ƙasa ba. Inna Hasiya ta dakata da buta a hannu. Kajin da ke shirin hawa makwanci suka yi tsit. Malam Mainasara, maigidan, ya leƙa bayan katanga ko yaran unguwa ne, bai ga kowa ba sai inuwar darbejiya.

Ba a jima ba da Kamilu, babban ɗan gidan, ya kafa rawuta, na'urar raba intanet, a ɗakin nan. Ya dawo Boɗinga bayan shekaru a Fatakwal, kuma tun da ya dawo bai iya zama wuri ɗaya ba. Wuni yake yana zagaya gida da waya a ɗage, yana canza layi, yana auna gudun netwok. A zaure wannan layin ya ɗara wancan. A madafi duk sukan mutu. A bakin rijiya hoto ya yi ta juyawa har mutum ya gaji. Ya je Sakkwato ya taya manyan na'urori ya dawo hannu rabbana, daga baya a kasuwar Shagari ya sami wata 'yar ƙarama mai batir, mai sauƙin kuɗi, da ke karɓar kowane layi. Inda sabis ya fi ƙarfi a gidan kuwa, wani tsohon alkuki ne a bangon ɗakin albasa, dab da taga, wanda ba a ajiye ko allura a cikinsa tun zamanin kaka.

"Wuringa ba a taɓa shi, Kamilu," in ji Inna.

Ya yi dariya, ya share yanar gizo da tafin hannu, ya ɗora akwatin rawutar. Fitilunsa suka kama, kore shar.

Daga ranar jifa bai yi fashi ba. Rana na faɗuwa sai ya soma, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Sannan aka fara jin gunaguni a ɗakin, kamar kasuwa daga nesa. Wata Laraba Zahra'u, ƙanwar Kamilu, ta shiga ɗebo albasar miya ta daɗe ba ta fito ba. Da Inna ta bi ta, ta iske ta durƙushe gaban alkukin, ta toshe kunnuwa da hannu biyu, tana nishi da muryar tsoho.

Ba ta ƙara cin abinci ba. Ranar Juma'a bayan la'asar aka ɗauko Malam Ladan daga Dandin Mahe, wani siririn dattijo mai magana ƙasa-ƙasa. Ya sa aka shimfiɗa ta a tsakar gida, ya zauna wajen kanta yana karatu har hasken rana ya koma ja. Kamilu na jingine da bango, yana juya waya a hannu.

Can idanunta suka buɗe.

"Wa ke nan?" Malam Ladan ya tambaya.

"Maƙwabci na," muryar ta amsa, a gajiye. "Tun kakan wanga maigida nike alkukinga. Ban taɓa zubda masu ko ruwan randa ba."

"To mi yarinya ta yi maka?"

"Ba ta yi mani komi ba. Bakinta nika ara. Kasuwa anka buɗe cikin ɗakina, Malam. Duk abin da anka hwaɗi cikin waya, ta cikina shika bi. Waƙoƙi na haƙura. Hirar mata na haƙura. Amma wanga yaro, saurara ka ji."

Bakin Zahra'u ya motsa, sai muryar Kamilu ta fito, tar, har da 'yar dariyarsa ta hanci.

"Kai, Maniru, kada ma ka ce za ka zo gidanmu. Tsohon nan ko wanka ya yi warin albasa yake. Idan ya buɗe baki da Hausar nan tasu, ji nake kamar in nutse. Kwano ɗaya muke sa hannu, shi ya sa kullum nake cewa na ƙoshi. Ita budurwata Safinatu ma ce mata na yi babana ɗan kwangila ne a Sakkwato."

Wayar ta suɓuce daga hannun Kamilu. Bai sunkuya ya ɗauka ba. Inna ta ja gyale ta rufe fuska. Malam Mainasara yana zaune kan buzu, ya ƙura wa tafin hannunsa ido, kamar yau ya fara ganinsa.

"Ya isa!" Malam Ladan ya ɗaga murya, karon farko. "Ba mu kira ka don ka tona asirin Musulmi ba. Ka ji tsoron Allah, ka sake ta."

"Ina sakinta. Amma yaron shi bar gidanga. Ko shi, ko ni."

Daga masallacin unguwa aka fara gyara lasifika. Kamilu ya buɗe baki zai ce ya yarda, don tafiya ta fi masa sauƙi a kan tsayuwar nan, amma uban ya riga shi.

"Ɗana na," in ji Malam Mainasara, bai ɗago ba. "Ba shi zuwa ko'ina."

Muryar tsohon ta yi ƙasa.

"Don kai ni yi hushi, Mainasara."

"Na sani. Na gode. Sake mani ɗiyata."

Malam Ladan ya sassauta. Ya ce akwai fili a fadamar Dancaɗi, nesa da mutane, nesa da wayoyinsu. Muryar ta roƙi abu guda, a liƙe alkukin da laka bayanta, kada a ba wani ɗakinta. Malam ya amsa, ya karɓi alkawarin cewa ba dawowa. Zahra'u ta yi atishawa, jikinta ya saki. Wata iska mai sanyi ta bi ta zaure ta fice, kaji suka motsa a makwanci.

"Inna, ruwa," in ji yarinyar da muryarta. Ta dubi kowa. "Mi Yaya ya yi kuka zuba mashi ido?"

Inna ta miƙa mata ruwan.

Bayan sallah Kamilu ya kwaɓa laka ya toshe alkukin, yana jiran a kira shi a zage shi. Ba a kira shi ba. Da aka kawo tuwo, sai ya ga uban ya shiga bayan gida da bokiti, ya daɗe, ya fito cikin farar rigarsa ta Idi. Ya zauna can ƙarshen tabarma, inda iska ba za ta kwaso daga wajensa ba.

"Hasiya," ya ce a hankali, "zuba ma Kamilu nashi daban. Sa mashi cokali. Yaron ya daɗe da yunwa, ba mu sani ba."

Inna ta ajiye farantin a gabansa. Kamilu ya riƙe cokalin, tuwon na huci, ƙamshin sabulu na tasowa daga jikin mahaifinsa, ya kasa kai loma baki.