Ba Ke Ke Cewa Ba

Rana ta kusa faɗuwa Darakta ya tuna ba a ɗauki shirun ɗaki ba. A kwalejin koyon fim ƙa'ida ce: in an gama ɗaukar wasa, kowa ya ƙame, mai sauti ta naɗi shirun wurin, don da shi ake cike giɓin magana wajen tacewa. Washegari za a miƙa fim ɗin kammalawa, malamin sauti kuma ba ya yafe wannan. Wadda za ta faɗi jarrabawa ita ce mai sautin, wadda 'yan aji ke kira Kunnuwa.

Darakta dai ɗalibi ne kamar kowa, sai dai hula da gyalen wuya, waɗanda su ne rabin basirarsa. Ya ce kansa na ciwo, ta je ita kaɗai, ai ita da shiru 'yan gida ɗaya ne. Aka yi dariya. Ta saɓi sandar makirfo ta tafi.

Ɗakin da aka ɗauki wasan tsohon sito ne a bayan situdiyo. Warin danshi, warin waya da ta taɓa ƙonewa, karyayyun kujeru jibge a lungu. Ta rufe ƙofa, ta sa abin ji a kunne, ta danna na'urar naɗi. Sabo turken wawa, sai ta ce wa ɗakin da ba kowa:

"A yi shiru, ana ɗauka."

Ɗakin ya yi shiru. Sai a lokacin ta gane ashe ɗazu ba shiru yake ba.

Wani ya ajiye kwano a hankali. Wani ya danne tari. Can wajen kujerun jariri ya fara tsanyara, aka toshe masa baki da tafin hannu.

"Yi shiru don gidanku," in ji wata mata cikin raɗa. "Ana ɗauka."

Kunnuwa ta duba. Bango, kujeru, yanar gizo. Amma fitilun na'urarta na hawa suna sauka, kamar ƙirjin mai barci.

Numfashi ya sauka a ƙeyarta, da ɗumi, da ƙaurin toka.

Ta ce: "An gama."

Ba wanda ya motsa. Sai muryar wani tsoho, dab da makirfo, cikin ladabi:

"'Yar nan, mun daɗe a makarantar nan, mun san aiki. Ba ke ke cewa ba. Darakta ke cewa kat, sannan a tsaya."

Ta finciki ƙofa. A doguwar barandar makarantar, abin ji na kunnenta har yanzu, tana jin sawu a bayanta. Da yawa. Manya da yara. Duk sanɗa suke yi, kada su ɓata mata ɗauka.

Fim ya ci. Malamin sauti ya ce tun da yake koyarwa bai taɓa jin shiru mai rai irin wannan ba, ya miƙa wa Darakta hannu. Lambar yabon ma shi aka rataya wa, a kan gyalen.

Ita kuwa, duk abin da ta naɗa tun daga ranar, a ƙarƙashinsa akwai taron jama'a da ke riƙe numfashi. Wanda ya ba ta aiki sau ɗaya ba ya sake kira. Ta je ta roƙi Darakta ya bi ta siton ya faɗi kalma ɗaya tak. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce yanzu ayyuka sun yi masa yawa, ta yi magana da mataimakinsa.

Mutanen suna nan suna jira, ba su taɓa yin ƙorafi ba. Jaririn ne dai har yau bai yi kukansa ba, kuma ita kaɗai ke jin yadda yake haɗiye shi.