Mijin Iya Sikira

An gama yi min wankan safe ke nan, jikina yana ta tururi, Inna tana dama min kunun kanwa, sai muka ji sallamar Isyaku a zaure.

Lokacin ina gida Wudil, wankan jegon haihuwata ta fari. Mijina Sabo, Allah Ya haskaka kabarinsa, yana Ikko, yana dillancin shanu a Agege. Ya zo suna ya koma, a kan idan na yi arba'in zai zo ya ɗauke mu.

Shi kuwa Isyaku ɗan baffana ne. Ya so ni tun ina budurwa, na ce Sabo nake so. A satin nan ya raka shanu Ikko, kuma na san a ɗakin Sabo zai sauka. Ko ɗankwali ban gama ɗaurawa ba na saɓi jaririyata na fito.

"Yaya Isyaku, sannu da hanya! Yaya ka baro shi?"

Bai kalle ni ba. Ya wuce ya durƙusa gaban Baba, suka gaisa doguwar gaisuwa, ni kuwa kamar in fizgo maganar daga bakinsa.

"Baffa, ni dai ban so a ji daga bakina ba..."

"Faɗi mana."

"Sabo ya yi aure."

Ludayin Inna ya suɓuce cikin kunu.

"Bayarbiya ce," in ji Isyaku. "Ina zaune a ɗakinsa aka miƙo kwanon abinci, ana cewa, 'Mijina, ci ka ƙoshi!' Wallahi tallahi da kunnena na ji. A ɗauko Alƙur'ani in dafa."

Sai na fashe da dariya!

"Haba Yaya! Ai Iya Sikira ce, mai gidan da muke haya. Tsohuwa ce, 'yar goro, a wurin fatakenmu ta tsinci Hausa. Su a can haka suke yi. Kowane namiji mijinta ne, har mai kwasar shara!"

Baba bai yi dariya ba. Ya dubi Isyaku.

"Tsohuwa ce?"

"To, Baffa, labule ne a tsakaninmu. Hannu kawai na gani, da awarwaro... Amma hannun nan ba na tsohuwa ba ne."

Nan dariyata ta tsaya.

Domin Iya tana da 'ya, Sikira. Doguwa, mai wushirya, mai awarwaro har gwiwar hannu.

Baba ya miƙe ya kaɗe buzunsa.

"Namiji ya ƙara aure, ba laifi ba ne. Amma a ɓoye? 'Yata tana cikin ruwan zafi? Wannan yaro ya zama ɗan can. Murja, kin gama zaman Kurmi. A gaya wa direbobin kara su kai masa saƙo, ya zo min da takardarki."

"Baba, don Allah..."

"Na gama magana!"

Dama Baba bai taɓa son auren nan ba.

A kara, kasuwar shanun Wudil, muka haɗu da Sabo, wata ranar Juma'a, ina tallan fura. Wani bijimi ya tsinke ya yi kaina, na watsar da ƙwarya na haye katanga ina ihu. Sabo ne ya cafko igiyar. Da yamma ya zo gidanmu ba da haƙuri. Washegari ma ya zo ba da haƙuri. Jibi ma haka, har Inna ta ce, "Wannan haƙuri dai ya fi ƙarfin furar."

Tun daga nan nake kiransa Mai Ɓarna, shi kuma yana ce min 'Yar Fura.

Da manyansa suka zo, Baba ya ce shi ba ya ba da 'yarsa inda sai an kwana a mota kafin a gan ta. Sai da liman ya sa baki, aka yi sharaɗi cewa haihuwa a gida zan riƙa yi.

Yanzu ga shi Isyaku ya kawo masa abin da yake nema.

Arba'in ta zo ta wuce, ba Sabo, ba saƙonsa. Isyaku kuwa ya mayar da gidanmu hanya. Yau ya kawo sabulu, gobe ya kawo tsire, ya tsaya daga bakin ƙofa yana murmushi.

"Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Gida bai ƙi ki ba."

"Yaya, ɗauki tsirenka. Ni matar aure ce."

Bakina ne kawai yake da ƙarfi. Idan na rufe ido, hannun nan nake gani yana ɗaga labulen ɗakina. Labulen da ni na ɗinka! Na rame har nonona ya fara janyewa.

Wata rana da hantsi Inna tana tsefe min kai, ta ce, "Ni Murja, me ke cikin Ikkon nan ne da kike neman kashe kanki?"

"Akwai wuta, Inna. Ki taɓa bango kawai ɗaki ya haske. Ruwa a famfo, ba zuwa kogi. Ga asibiti kusa. Duk wanda ya je da ƙarfinsa zai sami abin yi, kuɗin man nan ya sa ko'ina gini ake. Yau ki wuce fili, wani watan ki tarar da bene."

"To aljanna ce ke nan."

"Ina fa! Ɗaki ɗaya ne kamar akurki. Banɗaki sai an yi layi, ke da buta, ƙaton wani da tawul a bayanki. Ruwan sama ba ya gajiya, gero ya yi fumfuna, sauro kamar ya ɗauke ki. Ki gai da mutum, kafin ki kai ga 'ina gajiya' ya sha kwana. Mota kuwa idan ta shiga gosulo, sai ki sayi burodi ki cinye ba ta motsa ba. Ran da zazzaɓi ya kama ni ina kuka ina kiran sunanki, Iya ce kaɗai ta leƙo."

"To uban me za ki koma yi?"

Na sunkuyar da kai. Ta ja min gashi.

"Magana nake!"

"Inna... a can kwano ɗaya muke ci da shi."

Hannunta ya tsaya.

"Yana kiran sunana a gaban mutane. Ran Lahadi mu jera a titi, kafaɗa da kafaɗa, ba mai cewa ba mu da kunya. Ya taɓa kai ni bakin teku, ga jirage sun yi layi a kan ruwa har iya ganinki. Igiyar ruwa ta taso na ƙanƙame shi, ya ce, ''Yar Fura, nan ba katangar hawa, sai dai ki hau ni.' Ko mutum ɗaya bai waiwayo ba, Inna."

Can sai na ji Inna ta ja hanci, ta ci gaba da tsifa a hankali.

Sai wata Juma'a bayan la'asar, ana tashi daga kasuwa. Baba yana tsakar gida a kan buzu, Isyaku yana gefensa yana ba shi labarin kara, sai muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida.

"Salamu alaikum."

Na miƙe zumbur!

Muryar nan ko cikin barci na san ta.

Kafin Baba ya amsa, wata ƙatuwar tsohuwa ta kutso kai ta zaure, ɗaurin kanta kamar faifai, tana dafa gwiwa tana haki. Ga Sabo a bayanta ɗauke da huhun goro, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Iya Sikira ce!

Ta nufi Baba kai tsaye, ta zube a kan gwiwoyinta irin gaisuwarsu, ta washe haƙorin Makka.

"Sannu mijina! Ke ce baban Murja? Kai, mijina, kin yi kyau!"



Baba ya buɗe baki, ya rufe. Carbinsa ya tsaya cak.

Iya ta waiga ta hango Isyaku yana neman bakin zaure.

"A'a! Ga ƙaramin mijina ma! Ke! Kin cinye amala na, kin sha miya na, kin gudu ba sallama!"

Sai Inna ta leƙo daga madafa, da muciya a hannu.

"Malam, ashe kai ma ka yi aure a Kurmi ba ka gaya min ba?"

Wayyo! Matan maƙwabta da suka biyo baƙuwa suka kwashe da shewa. Baba ya ja hannun riga ya toshe baki, kafaɗunsa suna rawa, har hularsa ta karkace.

Da ya sami kansa sai ya ce, "Isyaku, dawo nan. Hannun da ka gani fa?"

Iya ce ta amsa. "Sikira ne ya kai kwano. Ni ƙafa ya mutu, ina zaune a tsakar gida ina kira. Wannan yaro ya fito ya gan ni, har ya ce min 'sannu amarya', muka yi dariya!"

Baba ya daɗe yana kallon Isyaku.

"Ka rantse da gaskiya don ka yi min ƙarya. Tashi ka ba ni wuri. Zan zo in sami ubanka."

Isyaku ya fita, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba.

Sabo ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, saƙonka ya same ni. Na san in na zo ni kaɗai, bakina ne da na Isyaku, shi kuwa ɗanka ne. Shi ya sa na jira ƙafar Iya ta yi sauƙi. Ta ce ko a kan buhun goro ne sai ta zo."

"Amarya na ne," in ji Iya, tana nuna ni. "Ba mai raba ta da mijinmu!"

Aka kai ta ɗakin Inna, ta karɓi jaririya tana yi mata rawa a zaune. Ni kuma na kai wa Sabo ruwa zaure. Na durƙusa na miƙa, garin sauri sai ruwan ya zuba masa a riga.

"Yau kuma wa ya yi ɓarna?" ya ce a hankali.

Sai kuka ya ƙwace min.

"'Yar Fura... kin yarda da maganar?"

"Da farko dariya na yi."

"Daga baya fa?"

"Daga baya na daina cin abinci."

"Ni ma. Ran da saƙon ya zo, na nuna wa mai saye saniya na ce masa sa ne. Har yau 'yan kara suna yi min tsiya." Ya sunkuyo. "Murjanatu, garin nan cike yake da mutane, amma da kika tafi kamar an kwashe kowa."

Washegari da safe Baba ya kira ni, a gaban Sabo.

"Ban tambaye ki ba wancan karon, yau zan tambaye ki. Kina son Ikkon nan?"

"Ba na sonta sosai, Baba."

Sabo ya ɗago a firgice.

"Amma can yake."

Baba ya gyaɗa kai. Ya sa aka auno mana gero da kuka da daddawa, ya raka mu har bakin gada da ƙafarsa. Da mota za ta tashi, Iya ta leƙo ta taga tana ɗaga masa hannu, "Sai wata rana, mijina!" Baba ya juya da sauri kamar bai ji ba, amma na ga kafaɗunsa.

Mun zauna a Agege shekaru masu daɗi. Muka tashi daga ɗaki ɗaya muka koma ciki da falo. Yaranmu suka yi makaranta, suna Yarbanci kamar a can aka yanke cibiyar kakansu. Garin ya ba mu abin da Wudil ba za ta iya ba mu ba a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Kuma shi garin ne ya karɓe min Sabo.

Wata damina ce. Ya dawo daga kara yana dafe da ƙirji. Muka sa shi a tasi, ga asibitin nan ana hango rufinsa, amma ruwa ya cinye titi, motoci sun cushe, ba gaba ba baya. Kansa yana kan cinyata. Ina ta roƙon direba, direba yana ta danna ham.

"Bar shi, Murja," ya ce. "Riƙe min hannu kawai."

Na riƙe. Ya yi kalmar shahada.

Kafin labari ya iso Wudil an riga an rufe shi. A can yake kwance, cikin jar ƙasar Agege, tsakanin mutanen da ban san sunansu ba. Iya, da tsufanta da ciwon ƙafarta, ita ta zauna da ni har na fita takaba. Daga nan ƙanena ya zo ya kwaso mu.

'Yan matan unguwa sukan zo su tambaye ni, wai saurayi ya fito amma a Kudu yake, su yarda? Nakan gaya musu daɗin, in gaya musu wuyar, ba na rage ko ɗaya. Sannan in ce su dubi mutumin da kyau, don shi za su tarar idan an rufe ƙofa.

Ban sake komawa ba. An ce unguwar ta canja, ko na je ba zan gane kabarin ba.

Amma kullum idan na sallame la'asar, kafin in naɗe tabarma, nakan ɗan juya in fuskanci kudu. In yi masa addu'a. Sannan in gaya masa abin da muka dafa yau.