Littafin Aro

Ranar da ya fara tsayawa gaban teburinta a ɗakin karatun jami'a, saura masa wata uku ya miƙa bincikensa na digiri na uku a kan ruwan rijiyoyi. Tsohon rahoton da aikin ya dogara a kansa kwafi ɗaya tak ya rage, a wata jami'a mai nisa.

"Zan aro maka," in ji ta. "Amma da sa hannuna zai zo. Sati huɗu, kuma ba ya fita daga ginin nan."

Tun daga nan ya sa mata suna Mai Ceto, ita kuma take ce masa Dakta tun bai zama ba. Da safe ta miƙa masa littafin, da yamma ta karɓa ta kulle. Bawan Allah da ya zo neman shafi goma, sai ga shi da tambaya ashirin a wuni. Ta gane sarai ita yake zuwa gani, kuma abin ya yi mata daɗi.

Wata Laraba aka kira ta taro. Shi kuwa, wai don ya rage mata aiki, ya kwashe littattafan teburinsa ya mayar kan kantoci da kansa, har da na aron.

Da ta dawo ta ji, sai ta hau shi da tambaya.

"Wane bene? Wace kanta?"

"Wallahi ban riƙe ba, Mai Ceto."

"Dakta, littafi dubu ɗari biyu ne a nan! Wannan ko lambarmu babu a jikinsa. Ta ina za a fara?"

Shugabar ɗakin karatun ta ba ta zuwa Litinin. In bai fito ba, aikinta ya tafi, waccan jami'ar kuma ta daina ba kowa aro. A gida babanta ya ce, "Mutumin da ya jefa ki cikin wannan, kar in sake jin sunansa a bakinki."

Ta shiga ɗaki, sai saƙon Dakta ya shigo:

"Mai Cetona, na kasa cin komai. In aka kore ki saboda ni, me zan yi da digirin? Gobe ana buɗe ƙofa ina ciki."

Ta amsa tana hawaye: "Tsoro nake ji, Dakta. Fara daga bene na biyu, hagu zuwa dama. Kar ka tsallake ko ɗaya."

Ya jingine rubutunsa. Kwana uku yana bin bayan littattafai da yatsa, yana durƙusawa yana miƙewa. Ranar Asabar aka rufe bai samu komai ba.

Litinin babanta ya rako ta, don kar ta karɓi takardar kora ita kaɗai. Suna zaune a ƙofar ofishin shugaba, sai ga Dakta, wanda ya koma nema tun da safe, yana saukowa daga bene, gwiwoyin wandonsa baƙi ƙirin, rungume da littafin. Ashe a tsakanin wasu manyan taswirori littafin ya maƙale.

Ya durƙusa. "Baba, laifina ne, ba nata ba."

Tsohon ya daɗe yana kallon gwiwoyin nan.

"Tashi. Wanda ya bi kanta ɗari huɗu don kar 'yata ta wulaƙanta, me kuma zan bincika a kansa? Ka turo manyanka."

Sati biyu bayan ya zama Dakta na gaske aka ɗaura musu aure. Allah ya ba su zaman lafiya, ya albarkaci zuriyarsu.