Makon Harafin F

"Fall," in ji Osmín, malaminmu na Turanci, yana buga allo da yatsa. "Me take nufi?"

"Faɗuwa."

"Sai kuma?"

"Lokacin da ganye ke zuba a can Amurka..."

"Saura ɗaya, Idalia."

Na sani sarai, bakina ne ya ƙi. Ɗalibai duk sun watse, fanka sai ƙugi take. Na shiga ajin nan ne don in samu aikin amsa waya a San Salvador, in huta da toya pupusa, wainar masararmu, a rumfar Mama. Kowane mako harafi guda yake ɗauka. Kafin mu kai F, zuciyata ta riga ta tafi.

"Da ita ake cewa mutum ya afka soyayya," ya faɗa a hankali. "Ni dai na afka."

Aka banko ƙofa!

Mama ce, hannunta duk ƙullu, bayanta Griselda 'yar ƙanwarta, wadda ta daɗe tana kawo wa Osmín abinci yana mayarwa.

"Ga shi nan, Inna! Tambaye shi me ya baro a Houston kafin a koro shi daga Amurka!" in ji Griselda.

"Kai, kana da iyali a can?" Mama ta daka masa tsawa.

Na jira ya yi dariya. Bai yi ba.

Ya dubi Mama. "Ina da 'ya, Doña Chabela. Uwarta ta yi wani auren."

Na juya na dube shi.

"'Ya? Shi ne ba ka taɓa faɗa min ba?"

"Fear," ya ce. "Tsoro, masoyiyata. Tsoron ki guje ni."

"Kar ka ƙara yi min Turanci!"

Na daina zuwa aji. Abinci ya ƙi shiga, in na zauna sai in miƙe. Ina toya pupusa kalmomin na yawo a kaina: forget, mantawa, fool, wawa, fault, laifi. Laifin wa? Kullum sai na ƙona pupusa.

Ran Lahadi da rana sai ga shi a rumfa, ya rame, waya a hannunsa.

"Ba gardama na zo yi ba. 'Yata tana so ta gan ki."

Wata yarinya mai giɓi ta leƙo ta fuskar wayar. Yarenmu ba ya bakinta, Turanci kawai. Ta ce sunanta Maribel, wai Babanta ya daina ba ta dariya, ko ni ce na ɓata masa rai?

Da guntun Turancina na amsa mata, hawaye na zuba.

Mama ta matso. "Me take cewa?"

"Tambaya take ko abin da kike toyawa da daɗi. Ba ta taɓa ci ba."

"Ba ta taɓa cin pupusa ba? Wane irin uba ne kai!" Ta jawo masa kujera da ƙafa. "Zauna, kamar iska za ta ɗauke ka. Kuma duk abin da ya rage a cikinka, yau za ka amayar da shi a gabana."

Ya zauna, ya faɗa duka.

Griselda ba ta zo bikin aurenmu ba. Maribel kuwa ta kalla ta waya, Mama ce ta riƙe mata har aka tashi, tana ta yi mata surutun da ba ta ji.