Kwana Uku a Bakin Tafki

"Kwana uku, Badariyya. Kwana uku kawai na roƙa."

"Wa zai ba Baba maganinsa?"

"Yaya Haisam mana. Shi ma ai ɗansa ne."

A kicin ɗin Baba muke, a Dagenham ta gabashin Landan, muna faɗa ƙasa-ƙasa. Wata tara ke nan da aurenmu da Uwaisu, amma kwanan da na yi a flat ɗinmu bai kai wanda na yi a gidan nan ba. Tunda Mama ta rasu ciwon zuciya ya sa Baba a gaba, ni ce asibiti, ni ce girki. Ga ni da baki, ba a faɗa mini ɗaya ban mayar da uku ba.

"Na riga na yi booking," in ji shi. "Ni fa mata na aura, ba nas ba..."

Ashe Baba yana ji. Tsohon ma'aikacin rediyo ne, ba abin da ke wuce kunnensa. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba.

"Uwata," ya kira daga falo. "Ki bi mijinki. Ni ba yau na fara ciwo ba."

Ran Laraba muka kama hanyar Lake District, can arewacin Ingila, tafiyar awa shida, ina kumbure-kumbure har muka isa.

Wurin daji ne a gindin duwatsu, dogayen itatuwa sun kewaye wani tafki mai sanyin tsiya. Uwaisu, gwanin iya magana, sai da ya yi awa guda yana kokawa da tanti, ya kafa shi a karkace. Babu network ko ɗigo, sai an hau wani tudu, tafiyar minti ashirin. Muka yi yarjejeniya, wayata za ta zauna a mota a kashe, shi kuma kullum da safe zai hau ya jiyo lafiyar Baba.

Ran Alhamis ya daɗe a kan tudun. Da ya sauko na tare shi.

"Yaya jikinsa?"

"Da sauƙi."

"Ya sha magani?"

"Ya sha. Zo mu je, na karɓo mana kwalekwale."

Bai kalli idona ba, ni kuma ban kula ba.

Ba zan ɓoye ba, tunda na yi aure ban taɓa jin daɗin yini kamar wannan ba. Muka yi ta zagaye a tsakiyar ruwa don ba wanda ya iya tuƙi. Muka ci kilishi, muka dafa shayi a ɗan risho, muka yi alwala da ruwan tafkin haƙoranmu na kaɗawa. Ya riƙe hannuna yana ɗumama shi a cikin rigarsa.

"Masoyiyata, yau na ga dariyarki."

Awanni suka wuce Baba bai faɗo mini a rai ba. Wannan shi ne abin da har yau yake cina.

Ran Juma'a da gudu ya sauko, wandonsa duk taɓo. Bai ce komai ba, ya durƙusa ya hau tumɓuke turakun tanti.

"Uwaisu, mene ne?"

Ya ci gaba da tumɓukarsu.

"Da kai nake magana!"

"Badariyya... sai haƙuri. Baba ya rasu jiya da magariba. Bayan sallar Juma'a za a kai shi."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙarfe goma ta wuce. Ko tashi sama motar za ta yi ba za mu riske su ba.

Mun hau babban titi na karɓi wayarsa zan kira Yaya Haisam. A wurinmu ba a jefa wa mace mugun labari kai tsaye, mijinta ake faɗa wa, shi ya san yadda zai lallaɓa ta. Don haka duk saƙonnin wurinsa suka zo. Idona ya sauka a kan na safiyar Alhamis: "An kwantar da Baba, jikin ya yi tsanani. Ka taho da ita yau."

Na karanta sau uku.

"Ka ga wannan jiya?"

"Na gani."

"Ka gani, ka sauko ka ce mini da sauƙi? Ka sa ni a kwalekwale ina ɓaɓɓaka dariya ubana yana mutuwa?"

"Duba na ƙasansa," ya ce. "Ki saurara."

Saƙon murya ne, daga wayar Baba. Na danna. Muryar nan da ta yi shekara talatin tana karanta labarai ta fito a hankali, numfashi na yanke ta.

"Uwaisu, ɗana... kada ka bi ta Haisam. Kada ka faɗa mata. Shekara huɗu yarinyar nan ba ta huta ba. Ku gama kwanakinku. Ka ce wa Uwata na yafe mata duniya da lahira... Allah Ya yi muku albarka."

Na kifa kaina a gwiwa na yi kukan da ban taɓa yi ba.

"Surukina ne ya ba ni umarni," in ji Uwaisu. "Ta yaya zan tsallake maganarsa? Sau huɗu ana kwantar da shi bana yana tashi, na ɗauka..."

"Tsaya. Ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Don shi ka yi shiru, ko don kanka?"

Idonsa na kan titi, hawaye na bin gemunsa.

"Da na ji saƙon, daɗi na ji," ya ce. "Na samu hujjar ƙara kwana ɗaya da ke."

Da ƙarya ya yi mini, wallahi da ta fi mini sauƙi.

Bayan la'asar muka isa maƙabarta. Kowa ya watse, sai tudun jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗan katako mai lamba.

Yau kwana talatin da biyu. Ina gidan Baba, ban koma flat ɗinmu ba, ban kuma san ko zan koma ba. Tantin yana nan a but ɗin mota yadda muka cusa shi a jiƙe, ya fara wari, ba wanda ya iya taɓa shi.

Kullum in ya tashi daga aiki sai ya zo. Ina jin haushinsa, kuma ina son sa, duka biyun ba wanda ya ragu. Ba na gaishe shi. Yakan zauna a ƙasa kusa da kujerar Baba, ya ajiye wayar a tsakaninmu, ya danna saƙon, mu saurara tare har inda Baba ya ce "Allah Ya yi muku albarka".

Jiya da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa.

"In turo miki shi a wayarki? Sai ki riƙa ji duk lokacin da kike so, ba sai na zo ba."



"A'a," na ce. "Bar shi a taka."