Tsohuwar Kyamarar Abbansa

Watsa min hotunan ta yi a kan teburin aiki, har ɗaya ya faɗa cikin kwanon da nake tara ƙananan sukurori.

"Duba aikinki, mai gyara. Duba da kyau."

Yayar Dogo ce, babbarsu. Shi kuwa Dogo, wanda na shekara biyu ina dakon soyayyarsa, yana bakin ƙofar shagonmu, kai a sunkuye. 'Yar kawunsa na bayansa rungume da jaka, ta yi kalar tausayi kamar mai zuwa gaisuwar rashi.

Na ɗauki hoton farko.

Mutum kusan ashirin a jere, tsoho a tsakiya kan kujera, amma babu fuskar da za ka shaida. Duk dishi-dishi. Na biyu haka, na uku haka, har talatin da shida.

"Ba zai yiwu ba..." na ce.

"Ai ga shi ya yiwu."

Abbansu ya fi shekara yana fama da ciwon zuciya. Likitoci sun sa ranar aiki, ba su kuma ɓoye ba cewa yana iya tashi, yana iya ƙin tashi. Sai ya ce a tara masa 'ya'ya da jikoki a yi hoto, amma ba da waya ba. Da tsohuwar kyamararsa ta fim yake so, wadda ya ɗauki Ummansu da ita tun tana amarya. Ta shekara ashirin a akwati, don haka Dogo ya kawo min ita.

Irin wannan kyamarar, in ka leƙa tagarta za ka ga abu ɗaya ya rabu biyu a tsakiya. Kana murza gilashin gaba har biyun su haɗe, shi ne saiti ya yi. Wani ɗan madubi ne a ciki yake wannan aikin, bai kai ƙwayar wake ba. In ya goce ko da kaurin gashi ne, ido zai ce daidai, fim ya ƙaryata shi.

Kwana tara na yi a kanta. Na wanke tsohon man da ya daskare, na gyara labulen da ke buɗe wa haske, na daidaita madubin, na ɗiga jan farce a kan sukurun saitinsa don kada ya motsa. Ban taɓa yi wa wani abu hidima irin wannan ba, domin na san ba kyamara kaɗai ake gwadawa ba. Tun farko Yaya ba ta so na. 'Yar mai gyaran agogo, hannu duk baƙin mai, ina ita ina gidansu? 'Yar kawu take so a haɗa su, tuwona maina.

"Dogo," na ce, "ka ce wani abu mana."

Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"'Yan'uwana biyu sun riga sun koma. Daga nesa suka zo, ba za su sake samun hutu ba. Na ce ki tabbata, Injiniya. Sau uku na ce ki tabbata."

"Na tabbata, wallahi na tabbata. Ku ba ni ita in duba, minti goma kawai."

"Ki ƙarasa kashe ta?" in ji Yaya.

'Yar kawu ta dafa kafaɗarsa, ta sassauta murya. "Yaya, a yi mata uzuri. Ƙila aikin ne ya fi ƙarfinta."

Suka juya. Na bi su har titi ba takalmi, ina kiran sunan da ni kaɗai ke kiransa da shi. Bai waiwayo ba.

Kwana uku ina kiran wayarsa, tana ringi har ta tsinke. Na tura saƙo ya fi ashirin. Rabin raina, ka saurare ni. Ko zagina ne ka ɗaga ka yi. Shiru.

Abinci ya ƙi shiga. Ina zama a teburi in ɗauki sukundireba, sai hawaye ya rufe min ido, in ajiye. Abin da ya fi ci min rai shi ne na fara zargin kaina. Ko na manta wani abu? Ko hannuna ne ya ci amanata?

Baba yana zaune a bencinsa na bakin ƙofa. Tun da idonsa ya yi rauni ya bar min teburin, amma kunnensa ko faɗuwar allura ba ta wuce shi.

"Auta, wannan shan majinar ta isa haka, za ki sa min agogunan mutane su yi tsatsa. Kin ɗiga jan farcen?"

"Na ɗiga, Baba."

"Kin gwada nesa, kin gwada kusa?"

"Na gwada."

"To ba ke ba ce. Ƙarfe ba ya munafunci, duk ranar da kika buɗe ta za ta faɗa miki wanda ya taɓa ta."

Ranar da za a yi wa Abbansu aikin, wajen goma na safe, ina share gilashin wani agogo sai inuwa ta rufe min haske. Dogo ne. Ya rame kamar shi ne majinyacin. Ya zaro kyamarar daga cikin rigarsa ya ajiye a gabana.

"Abba yana ta tambayar hotunan. Mun ce masa ba a wanke ba tukuna. Ƙarfe huɗu za a shiga da shi." Ya turo min ita. "Yaya ba ta san na ɗauko ba. Ban zo don na yarda da ke ba, Injiniya. Ba ni da wani wajen zuwa ne."

Maganar ta soke ni, amma ba ni da lokacin jin zafinta.

Na zare rigar fatar da ke jikinta. A kusurwar hagu, inda fatar ta rufe, ƙarfen ya lotsa. Na cire murfin sama. Jan farcen da na ɗiga ya tsage gida biyu, ɗan madubin kuma ya saki daga mazauninsa, ya karkace.

"Leƙo ka gani. Faɗuwa ta yi, a kan ƙasa mai tauri."

Ya daɗe yana kallon lotsawar.

"Wa ya yar da ita?"

"Ban sani ba. Matsa ka ba ni haske."

Na kankare tsohon gam, na ɗiga sabo da bakin allura. Da na zo ɗora madubin hannuna ya ƙi tsayawa. Sau biyu yana zamewa daga hantsaki. A na uku ya faɗi a kan tsumma, na ji kamar numfashina ya ɗauke. In ya fashe, babu inda zan samu wani.

Baba ya taso yana laluben bango, ya dafa min wuyan hannu.

"Saki numfashi tukuna. Sai ya fita duka, sannan ki ɗora."

Na ɗora. Ya zauna.

Sai jiran gam ya kama. Awa biyu cur, ni da Dogo muna kallon agogunan bango goma sha ɗaya, kowanne yana cin lokacinmu. 

Ƙarfe biyu na fita ƙofar shago, na saita dogon ƙarfen sadarwa da ke can ƙarshen unguwa. Na gan shi ya rabu biyu a tagar. Na murza sukurun kaɗan, na sake leƙawa. Saura ƙiris. Na ƙara, ya wuce. Na dawo da shi, gumi na shiga min ido, har biyun suka haɗe. Na koma ciki na auna mita ɗaya da tef, na kafa jarida, na buɗe bayan kyamarar na ɗora gilashi mai hazo a inda fim ke kwanciya. Rubutun ya fito tar.

Na sa sabon fim, na ɗauki mayafina.

"Ina za ki?"

"Ba za ta sake barin hannuna ba sai a hannun mai ita."

Uku da kwata muka isa asibiti. Yaya ta tare ƙofar ɗakin.

"Amma ke ba ki da kunya. Ƙarasa shi kika zo yi?"

"Yaya, ki yi min duk abin da kike so, amma bayan ƙarfe huɗu. Na roƙe ki don girman Allah."

"Wace ce a nan?" Wata murya ce can ƙasa daga ciki. "Ku bar ta ta shigo."

Abba yana kwance cikin rigar asibiti, Umma a gefensa, 'yar kawu tana yi masa fifita da mujalla. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa kyamarar da hannu biyu. Ya kai ta ido, ya murza gilashin a hankali yana saitin fuskar Umma. Ya yi murmushi.

"Ko ranar da na saye ta ba ta yi haske haka ba. Ashe saƙona ya iso ki."

"Wane saƙo, Abba?" in ji Dogo.

"Ranar taron nan da safe na ɗauko ta in shafa, hannun nan nawa ya ci amanata, ta faɗi. Na ji kunyar ku sani." Ya nuna 'yar kawu da haɓa. "Wannan ce ta ɗauke ta. Na ce ta faɗa maka a mayar wa yarinyar nan ta duba kafin a yi hoton. Ta dawo ta ce an duba."

Fifitar ta tsaya.

Yaya ta juya a hankali. "Ke. Kina tsaye a shagon nan ina ci mata mutunci."

"Yaya, ni... na ga kamar ba abin da ya same ta..."

"Fita."

Ta ajiye mujallar ta fita, ko takalminta ba ta sa daidai ba.

Dole aka gaya wa Abba gaskiyar hotunan. Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen kunnensa. Umma ta share masa da bakin mayafinta.

"Na so in gan su duka a takarda ɗaya," ya ce. "Allah bai nufa ba. To, waɗanda ke nan su matso."

Aka ɗaga masa gado. Na ja baya, na auna hasken taga, na saita fuskarsa har ta haɗe. Yatsana na kan maɓalli ya ɗaga hannu.

"Kin gama saitawa?"

"Na gama, Abba."

"To ba wa nas ta danna. Ke zo nan, 'yata. Tsaya tsakanin uwarku da wannan dogon marar wayo."

Na kalli Yaya. Matsawa kawai ta yi ta ba ni wuri.

Huɗu saura biyar aka tura shi. Ya fito daga aikin da rai, ya kwana biyu, ranar ta uku Allah ya karɓi abinsa. Bai ga hoton ba.

Bayan an share makoki Dogo ya zo shago. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya durƙusa.

"Sanyin idona, na san ban cancanta ba. Na yarda da takarda na ƙi yarda da ke."

"Har titi na bi ka ba takalmi, Dogo."

"Na ji ki. Kowane kira na ji."

"Shi ya fi ciwo ai."

Ban yafe masa ranar ba. Sati uku ya yi yana zuwa, in ya tashi daga makarantar da yake koyarwa ya zauna a benci kusa da Baba, yana karanta masa jarida. Ranar da ya cika na ukun Baba ya leƙo da kansa.

"Auta, ko ki karɓe shi ko ki kore shi. Ya cinye min rabin benci, kuma karatunsa ba daɗi."

Dariya ta ƙwace min, kuka ya biyo ta. Dogo ya taso ya tsaya a gaban teburina.

Wata bakwai bayan haka aka ɗaura mana aure. Umma ce ta sa aka faɗaɗa hoton asibitin, ta aiko min da shi ɗakina. Abba ya fito garau, har farin gashin girarsa ana iya ƙirgawa, yana riƙe da hannun Umma yana dariya. Kowa yana kallon gaba, ban da Dogo. Shi ni yake kallo.